Shekarata 46, ina son gudun fanfalaki, amma gwiwa da uwargida sun ƙi

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ni ma'aikaci ne, ina zaune a Tudun Wadan Zariya, wurin aikina kuma yana Samaru. Shekarata 46, ina da mata da 'ya'ya biyar, ga mahaifiyata a cikin Birni da nake leƙawa kusan kullum. Tumbi ya fara yi mini yawa, kuma da aka auna jinina a watan jiya aka ce 146 bisa 92. Sai na sayi kambas na fara gudu bayan asuba, kwana shida a jere. Ran na bakwai gwiwar dama da dunduniya suka ce ba su san zancen ba. Uwargida kuma tana ƙorafin na bar ta da shirin yara na makaranta, alhali ita ma malama ce. Burina in yi gudun fanfalaki na Legas da za a yi a Fabrairu, nan da wata huɗu. Shin na makara ne? Da gaske gudu yana cinye gwiwa kamar yadda abokaina suke faɗa? Yaya zan haɗa shi da aiki da iyali?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ba ka makara ba. Carlos Lopes na ƙasar Fotugal yana da shekara 37 ya ci fanfalakin Olamfik na 1984, kuma a duk babbar gasa za ka ga masu furfura suna ƙarasawa lafiya lau. Amma cikakken gudun Legas na wannan Fabrairun, ka cire shi a lissafi. Kilomita 42.195 ne, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Gasar, wadda aka fara a 2016, tana da ɓangaren kilomita 10. In komai ya tafi daidai, wannan ne abin da za ka iya hara.

Mu fara da jinin, don shi ne ba ya jira. Awo ɗaya ba ya tabbatar da hawan jini, amma duk abin da ya kai 140 bisa 90 yana buƙatar a maimaita. Ka auna a ranaku daban-daban har sau uku, kana zaune ka huta minti biyar, ka rubuta lambobin ka kai wa likita, a duba maka suga a lokaci guda. Ka faɗa masa kana son fara gudu, ka kuma faɗa masa in akwai wanda ciwon zuciya ya ɗauke da ƙuruciya a danginku. Motsa jiki yana cikin maganin hawan jini, amma in an rubuta maka ƙwaya, gudu bai maye gurbinta ba. Duk ranar da ka ji nauyi a ƙirji, ko jiri, ko zuciya tana bugawa ba tsari, ka tsaya nan take, asibiti ya kama ka. Haka nan ba a gudu da zazzaɓi, ko na cizon sauro ne ko na mura.

Zancen abokanka kuwa, na daɗe ina jinsa a ɗakin gashi. Wani nazari da aka buga a 2017, wanda ya tattara bayanan mutum fiye da dubu 100, ya samu ciwon lalacewar gaɓar gwiwa ko ƙugu a kashi 3.5 cikin 100 na masu gudun nishaɗi, kashi 10.2 na masu zama ba motsi, sai kashi 13.3 na 'yan gasa masu gudun wuce kima. Wato kujerar ofis da tumbin sun fi sassarfa zama barazana ga gwiwarka. Abin da ya same ka daban ne. Zuciya da huhu suna sabawa da gudu cikin 'yan makonni, agara da ƙashi da guringuntsi kuwa sai sun ɗauki watanni. Duk taku ɗaya na gudu yana ɗora wa ƙafa ninki biyu zuwa uku na nauyin jiki. Kai ka ɗauki ƙafar da ta shekara ashirin tana hutawa a ƙarƙashin tebur ka ba ta aikin kwana shida ba hutu. In ciwon dunduniyar ya fi tsanani a takun farko da ka sauko daga gado, galibi jijiyar tafin ƙafa ce ta gaji. Ka bar gudu mako biyu, ka riƙa tafiya da sauri kawai. In gwiwar ta kumbura, ko tana maƙalewa, ko kana ɗingishi, ka je a duba ka ido da ido. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ka biya kemis ka haɗiyi diklofenak ko ibuprofen ka fita gudu. Suna ɓoye ciwon, suna iya ɗaga jini, kuma a cikin zafi da ƙarancin ruwa suna taɓa ƙoda.

In ka dawo, kwana uku a mako ya ishe ka, kuma kada biyu su zo a jere. Tafiya minti biyar, sannan sassarfa minti ɗaya, tafiya minti biyu, ka maimaita sau takwas. Kowane mako ka ɗan tsawaita sassarfar ka rage tafiyar, har nan da mako takwas zuwa goma ka iya minti 30 a miƙe. Ba ka buƙatar agogo mai tsada. In kana gudu wani ya gaishe ka, ka iya amsa masa har ka tambayi iyali ba tare da haki ya katse ka ba, saurinka daidai ne. In "lafiya lau" ma da ƙyar take fita, ka yi sauri da yawa. Yawancin maza masu shekarunka a nan suke faɗuwa, saboda suna tseren ɗan sakandaren da suke tunawa, wanda ya ci kofi a gasar gidaje shekara talatin da suka wuce. Ka ƙara da minti goma sau biyu a mako na tsugunna-tashi da ɗaga dunduniya a bakin dakali, domin tsoka tana raguwa a hankali tun daga shekara 30, ita ce kuma take kare gwiwa.

Yanzu ga inda gizo yake saƙa. Uwargida ta fi ka gaskiya. Lokacin da ka zaɓa, tsakanin sallame asuba da fitowar rana, shi ne mafi sanyi da ƙarancin hayaƙi a Zariya, amma shi ne kuma lokacin dafa ruwan wanka, neman safa ɗaya da ta ɓata, zuba abinci a kula da rarrashin auta. Ka ɗauki wannan lokacin kwana shida ba shawara, ka bar wa mace mai zuwa aji yara biyar. A aikina, ban cika ganin magidancin da gwiwa ta raba da gudu har abada ba, gwiwa tana warkewa. Waɗanda suka bari, yawanci gida ne ya ɗauki zafi, ko barci ya gaza, suka ajiye kambas a ƙarƙashin gado. Saboda haka ka zauna da ita ku yi ciniki a fili. Kwana biyu cikin ranakun aiki, misali Litinin da Laraba, ka fita daga masallaci kai tsaye ka dawo cikin minti 35. Sauran kwana ukun shirin yara naka ne gaba ɗaya, ba taimako ba, naka, har kai su makaranta. Na uku ka sa shi Asabar da sassafe, ka gama kafin bakwai da rabi, tun ba a fara kiran ɗaurin aure da suna ba. Duka bai wuce awa biyu ba cikin awa 168 na mako. Shirin cikakken fanfalaki kuwa wata huɗu zuwa biyar yake ci ga wanda ya riga ya saba gudu, kuma a ƙarshensa akwai Asabar ɗin da za ka yi awa uku a hanya ka dawo ka wuni a kwance ba ka da amfani ga kowa. Wannan ma sai da yardarta, in lokacinsa ya zo.

Ka kuma tambaye ta ita yaushe take motsa nata jikin. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi ta ba da shawara a mako ga kowane baligi, ba ta ce maza kaɗai ba. In ka riƙe yara da yammacin Lahadi ta zaga da ƙawarta, ko ku taka tare, za ka ga ƙorafin ya sauya launi. Zuwa wajen Hajiya ma dama ce. Daga Tudun Wada ka bi ta Ƙofar Doka a ƙafa ka shiga Birni sau ɗaya ko biyu a mako, ka sami ladan zumunci ka sami na ƙafa.

Lokacin gudun ba daga wajen iyali kaɗai ake cire shi ba, daga dare ake cirewa. Mai tashi ƙarfe biyar yana buƙatar ya kwanta wajen goma in yana son awa bakwai. Majalisar bayan isha'i da ƙwallon Turai da ake tashi kusan sha ɗaya, ɗaya cikinsu dole ya ragu a daren da za ka yi gudu. Taura biyu ba ta taunuwa. Ranar da aiki ya riƙe ka ko aka yi rasuwa a unguwa, ka bar gudun ya wuce, kada ka rama shi gobe ninki biyu. In kuma asubar ta gagara sam, ka ajiye kambas a but ɗin mota ka yi minti talatin a Samaru bayan tashi aiki, kafin magariba. Masu damar shiga harabar Jami'ar Ahmadu Bello sun dace da tituna masu inuwa da filin wasa. Babban titin Kwangila zuwa Shika dai ka kauce masa cikin duhu, tirela ba ta san ɗan tsere ba. Duk inda ka bi, ka fuskanci motoci, ka sa riga mai haske. Dogon wando mara nauyi ya wadatar, ba sai ka buɗe gwiwa ba. Za a tsokane ka, "Alhaji lafiya, me ya koro ka?" Mako biyu ne, za su gaji.

Watanni huɗun da ke gabanka na hunturu ne. Sanyin safiya yana taimakon mai gudu, amma ka tsawaita tafiyar ɗumama jiki, kuma ranar da hazo ya rufe gari har ba ka hangen ƙarshen layi, ka yi motsinka a tsakar gida. Iskar bushewa tana kwashe ruwan jiki ba tare da ka ga gumi ba, sai ka duba fitsari, in ya yi duhu ruwa ya yi ƙasa. A bazara, Maris da Afrilu, kada rana ta ɗago ta same ka a hanya. Da azumi ka mayar da shi bayan tarawihi, ka rage tsawonsa.

Tumbin kuma, kada ka ɗora wa gudu abin da ba zai iya ba. Mai nauyin kilo 80 in ya yi kilomita biyar ya ƙona abin da bai wuce lemon roba biyu ba. Ka dawo ka zauna gaban masa da shayi mai cokali huɗu na suga, an koma gidan jiya. Dabino biyu da ruwa kafin fita sun isa, koko da ƙosai ko kunun gyaɗa bayan dawowa ba laifi. Saboda jinin, ka roƙi uwargida ta sassauta gishiri da dunƙulen miya, domin abin da ake so a wuni bai kai giram biyar ba, kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin yajin tsire. Kambas ɗin in na gwanjo ne, ka juya shi ka duba ƙasan, in gefe ɗaya ya cinye ka canza, kuma ka bar faɗin babban yatsa tsakanin yatsunka da bakinsa.

Bayan mako takwas ka sake auna jinin sau uku kamar farko, ka rubuto mini lambobin, da minti nawa kake iya yi a miƙe, da abin da dunduniyar take cewa in ka sauko daga gado. A kan wannan za mu yanke shawarar kilomita goman Legas.