Amsar Kawu kan kuɗin da baƙo ya bar maka a faranti

Assalamu alaikum, ɗana. Saƙonka ya same ni nan Garwa, gida kowa lafiya, mahaifiyarka tana gaishe ka. Na ji daɗi da aikin gidan abincin nan na Injamena ya zauna, Allah ya sa masa albarka. Ka ce wasu baƙi in sun biya kuɗin abinci sukan bar maka wani abu a faranti, kai kuwa kana jin nauyin ɗauka kamar ka yi bara. Ka tambaya ko wannan al'adarmu ce ko ta Turawa. Sannan ka kawo abin da na ga ya fi ci maka rai, wai mutanenmu in sun zo ba sa barin ko dala, kuma da "kai!" ko da tafi suke kiranka. Maganar tana da tsawo, shi ya sa na ga gara in rubuto maka.

Ɗauki abinka, ba bara ba ce. Mai bara hannu ya miƙa bai yi wa kowa komai ba, kai kuwa tun azahar kake tsaye har tsakar dare, kana kai da kawo tsakanin murhu da tebur. Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam, ya taɓa ba Sayyidina Umar kyauta, Umar ya ce a ba wanda ya fi shi buƙata, sai Annabi ya ce masa abin da ya zo maka na dukiya ba ka roƙa ba, ba ka kuma sa rai ba, karɓe shi, wanda bai zo ba kada ka bi shi da ranka. Ka riƙe hadisin nan duka biyun, kada ka ɗauki rabin farko ka bar na ƙarshe.

Batun al'ada kuwa, ai kai ma ka ci tukwici tun ba ka san sunansa ba. Da azumi in mahaifiyarka ta aike ka da kwanon ƙosai gidan maƙwabta, ka taɓa dawowa da kwanon wayam? A zuba gyaɗa ko dabino a ciki, wannan na uwar gida ne, sannan a danƙa maka 'yan sulalla a tafin hannu a ce ga naka. Ƙosan ba naka ba ne, ba kai ka soya ba, amma ƙafarka ce ta kawo shi. Matan da suka kai lefe ba sa tashi sai an ba su tukwicinsu, kuma dangin ango sukan auna mutuncin gidan amarya da shi. Wanda ya kawo maka labarin haihuwa zai ce albishirinka, ka ce goro, ya ce fari ko ja, kuma goron nan bashi ne a kanka har ka biya. Wanda ya tsinci akuyarka ya kawo, wanda ya raka baƙonka har ƙofar gida, duk akwai nasu. Iyayenmu suka ce yaba kyauta tukwici, kuma ba wani Bature da ya koya musu.

Sai dai ka lura da inda tukwicin yake zuwa, wurin ɗan aike yake zuwa. A ciniki kuwa abin juyawa yake yi, mai saye ne ke neman ƙari. Ka tsaya wurin mai tsire ya yanka maka na sefa 500, kai ne za ka ce a yi gyara, ya ƙara yanka biyu da albasa. Mai nono ta ƙara rabin ludayi. Mai tuwo a tasha ita ke da tukunya, ita ke zubawa, ita ke karɓar kuɗi, riba tata ce, in ka ƙara mata za ta ɗauka lissafi ne ya ɓace maka ta biyo ka da canji. To mutumin da ya tashi a haka, ya shigo wurinku ya tarar da farashi a rubuce, ba tayi, ba ragi, ba gyara, a ganinsa ya riga ya biya fiye da ƙima. Ba ya zuwa masa a rai cewa yaron da ya kawo farantin ba shi da komai a cikin kuɗin nan sai albashin ƙarshen wata. Don haka kada ka yi saurin kiransa marowaci. Alhajin nan da ya tashi bai bar maka komai ba, yana fita zai ba yaron da ya tsare masa mota, kuma maigadinsa ba ya rasa goron salla. Aikinku ne sabo a idonsa. Ni dai a nawa ganin, matsayinka matsayin ɗan aike ne, abinci na wani, ciki na wani, ƙafa taka. Wanda ya ba ka ya bi al'adar kakanninsa, ko da bai sani ba.

Baƙin da kake gani, ma'aikatan ƙungiyoyin agaji da na kamfanonin mai, su ma ba bakinsu ɗaya ba. Bafaranshe zai bar maka 'yar ragowar canji ne kawai, don a Faransa kuɗin hidima yana cikin farashin da aka rubuta, abin da ya ƙara na jin daɗi ne. Mutumin Japan ba zai bar komai ba, a ƙasarsu ba a yi. Ba'amurke shi ne zai bar maka kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin abincin, kuma na san shi kuke rububin yi wa hidima. Amma ka san abin da ya sa? A Amurka dokar tarayya ta yarda mai gidan abinci ya biya irinku dala 2.13 kacal a awa, tun 1991 adadin nan bai motsa ba, alhali mafi ƙarancin ladan sauran ma'aikata dala 7.25 ne, da sharaɗin abin da baƙi suka bari ya cike giɓin. Wasu jihohinsu sun ɗaga nasu, amma tushen ke nan. Wato mai wurin ya sauke nauyin da ke wuyansa ya ɗora wa mai cin abinci, ma'aikaci kuma cinsa da shansa sun koma hannun fara'ar baƙo. Ranar da aka samu mai kirki a ci, ranar da aka samu mai fushi a kwana da yunwa. Wannan tsarin ba na yi mana fatansa ko kaɗan.

Kuma ya fara leƙo mu, shi ya sa na tsaya a kansa. Na ji masu wuraren abinci da otal suna ce wa yara, albashin kaɗan ne amma ai za ka riƙa samun na goro. Wannan zalunci ne da aka yi wa ado. Lada daban, kyauta daban. Lada haƙƙi ne, Annabi ya ce a ba ɗan ƙwadago ladansa kafin guminsa ya bushe. Kyauta kuwa ganin dama ce, ba a gina cefanen gida a kanta. Dokar Cadi ta sa mafi ƙarancin albashi wajen sefa 60,000 a wata tun 2011. Nan Kamaru ya daɗe a 36,270, sai a 2023 aka kai shi 60,000 ga ma'aikatan da ba na gwamnati ba kuma ba na gona ba. Ni da kai mun san 'yan aiki da yawa, masu wanke-wanke, masu gadi, 'yan aikin gida, da ba sa ganin rabin wannan. In maigida ya danne lada sannan ya miƙa maka jaka guda, wato sefa 1,000, ranar salla yana jiran godiya, kuɗinka ya ba ka ya kira shi kyauta.

Yanzu maganar "kai!" da tafi. Nan ba zan kare mutanenmu ba, don ba mu da gaskiya. Mun gaji wani raini ga masu sana'ar hannu. Wanzami shi ke yi wa jaririnmu aski ranar suna, shi ke yi mana ƙaho in jiki ya yi nauyi, mahauci shi ke feɗe mana layya, amma in ɗansu ya zo neman aure sai a fara ƙus-ƙus. Duk da haka mutanen da suna da wani abu da mu muka yar. Wanzamin gida sananne ne, ana kiransa da sunansa, ana cire masa rabonsa daga naman suna, da kaka a kai masa dami. Raini yana nan, amma akwai zumunci da ke rage masa kaifi. Yau zumuncin ya tafi, rainin ya rage shi kaɗai, don wanda ya kawo maka abinci a birni ba ka san gidansu ba.

Ka je tashar jirgin ƙasa ta Gaundare da safe in jirgin Yawunde ya iso. Za ka ga mutum da babbar riga ya tsaya yana ja-in-ja da ɗan dako a kan sefa 100. Yaron ya ɗora buhu a ka, jaka a kafaɗa, jijiyoyin wuyansa sun fito, ya kai har inda motocin Garwa da Marwa suke lodi, sai a jefa masa kuɗin ba a ko dubi fuskarsa ba. Mutumin nan kuwa ranar Asabar a wurin biki zai liƙa wa maroƙi jaka biyar don ya ambaci sunan kakansa. Me ya raba su? Maroƙi a gaban jama'a yake biyanka da kirari, ɗan dako kuwa ba wanda ya ga abin da ka ba shi sai Allah. Wannan abu yana ƙona mini rai ƙwarai. Sayyidina Anas ya yi wa Annabi hidima shekara 10, ya ce bai taɓa ce masa ko "tir" ba, bai taɓa ce masa don me ka yi kaza ko don me ba ka yi kaza ba. Annabi kuma ya ce masu yi muku hidima 'yan'uwanku ne, ku ciyar da su abin da kuke ci, kada ku ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu, in kun ɗora ku taya su. Muna jin wannan a wa'azi mu ce Allahu Akbar, mu fito mu daka wa mai moto tsawa.

In an kira ka da "kai!", je ka da sallama, ka ce ranka ya daɗe me za a kawo. Ba don ya cancanta ba, don kada halinsa ya canja naka. Da yawa in suka ji Hausa a bakinka a tsakiyar Injamena sai jikinsu ya yi sanyi, su fara tambayar ɗan wane gari ne kai. Amma zagi ko taɓa jiki ba ya cikin aikin da aka ɗauke ka, in ya kai nan ka sanar da mai wurin, ko nawa mutumin yake bari. Kai kuma in ka zauna a wani wuri ana yi maka hidima, ka ce sannu da aiki, ka tambayi suna, in za ka ba da wani abu ka dunƙule shi a hannu ka miƙa da dama, ba a gaban idon mutane ba. Alƙur'ani ya hana mu ɓata sadaka da gori da cutarwa, kyauta ma haka take. Ni abin da nake yi ba shi da yawa: mai ruwa in ya hau da jarka har bayan gida, mai moto in ya jira ni na fito daga asibiti, wanzami in ya gama, nakan ƙara dala ashirin ko arba'in, wato sefa 100 ko 200, bisa abin da muka yi. Ba ni da wani kaso da nake lissafawa, wahalar da na gani nake dubawa.

Akwai rami biyu a gabanka. Na farko canji. Ka san yadda tsabar kuɗi ke wuya a ƙasashen nan namu, kowa "babu canji". Kada ka taɓa cewa babu alhali akwai don baƙo ya gaji ya ce bar shi. Abin da aka bari don an rasa yadda za a yi ba kyauta ba ne. Kai masa canjinsa cif, ya ɗauka ko ya bari. Na biyu, kada ka fara auna mutane tun daga ƙofa, wannan zai bayar a yi masa rawar jiki, wancan ba zai bayar ba ya jira. Daga ranar da ka fara haka, abin da kake karɓa ya tashi daga tukwici ya kama hanyar toshiya. Tukwici bayan aiki yake zuwa, kuma ko babu shi aikin zai yiwu yadda ya kamata. Wanda ake bayarwa kafin aiki don a tsallake layi, ko wanda mai kaki ke karɓa a shingen hanya, ko ma'aikacin ofis da ke riƙe takardarka har ka ga ya dace, duk da suna kiransa na goro, cin hanci ne, kuma an la'anci mai bayarwa da mai karɓa. Annabi ya aiki wani mutum karɓar zakka, ya dawo ya ce wannan naku ne, wannan kuma ni aka ba kyauta. Annabi ya hau mumbari ya ce me ya hana shi zama a gidan uwarsa da ubansa ya ga ko za a kawo masa.

Sannan ka tuna farantin da ka ɗauka wani ne ya dafa abin cikinsa, wata ce ta wanke shi, su kuma baƙo ba ya ganinsu. In wurinku ana tara abin da aka samu a raba, kada ka ɓoye naka a aljihu. In ba a yi, ka riƙa cire wani abu kana miƙa wa na bayan murhu, musamman mai wanke-wanke, don ita ce ta fi kowa ƙarancin albashi.

Ka samu lokacin da maigidanka yake cikin natsuwa ka tambaye shi abu biyu cikin ladabi. In baƙo ya biya ta waya ko da kati ya ƙara wani abu don ma'aikata, ina ƙarin yake shiga, wa ke raba shi? Kuma ya yi maka rajista a CNPS, hukumar fansho da inshorar ma'aikata, an rubuta albashinka a takarda, ko da baki kuka yi? In ka ji amsarsa ka rubuto mini, in akwai abin da ya kamata a yi magana a kai, ina da niyyar zuwa Kusiri bayan salla, sai in ƙetaro gadar Ngeli mu je wurinsa tare.

Ka gaishe da abokan aikinka. Wassalam.

Kawunka.