Habaicin Bature ba irin namu ba ne

Ɗana, ka tambaye ni me ya sa na soke "habaici" da ka sa a madadin "insinuation" a labarin jiya, alhali abin da ƙamus ya ba ka ke nan. Jawo kujera ka zauna.

Ƙamus bai yi maka ƙarya ba, rabin zance ya ba ka. Dubi yadda kishiya take habaici. Tana shara a tsakar gida sai ta ce, "Wasu dai sai ci, ba wanke-wanke." Laifin a fili yake, sunan mai shi aka sakaya, mai kaza a aljihu kuwa ba ya jimirin as. Idan Bature ya ce an yi "insinuation", sau da yawa a juye abin yake: an kama suna ƙiri-ƙiri, laifin ne aka naɗe cikin zance, aka bar wa mai sauraro ya warware da kansa. Asalin kalmar ma daga Latin ne, "sinus", wato lanƙwasa ko ninkin tufa. Ɗan majalisar da ke cikin labarinka ya ambaci minista da sunansa, ya ce yana mamakin yadda albashi ke gina irin wannan gida. Ina habaici a nan? Ka rubuta "ya zarge shi a fakaice".

Sauran kalmomin da ke kama da ita ba su da wuya. "Hint" hannunka mai sanda ne, ana yinsa ko da kyakkyawar niyya. "Allude" nuni ne ga abu ba tare da an ambace shi ba. "Imply" na mai magana ne da ke nuni a kaikaice, "infer" na mai ji da ke gano nufin, kuma su kansu Turawan suna cakuɗa su, kada ka biye musu. "Insinuate" ne kusan kullum yake tafe da mugun nufi.

Wadda nake so ka yi hattara da ita ita ce "innuendo". A hirar yau da gobe takan nufi batsa a kaikaice, irin zancen da yara ba sa ganewa, manya kuma su yi murmushi. Amma tushenta a kotu yake. A Latin ma'anarta nuni da gyaɗa kai, kuma lauyoyin Ingila sun daɗe suna sa ta a takardun ƙarar ɓata suna don bayyana abin da kalamai ke nufi a ɓoye. Kotunanmu sun gaji wannan doka, don haka za ka ci karo da ita.

A Nuwamban 2012 BBC ta watsa wani rahoto da ya zargi wani tsohon jigon jam'iyyar masu ra'ayin riƙau da cin zarafin yara, ba ta faɗi suna ba. Bayan kwana biyu Sally Bercow, matar kakakin majalisar dokokin Birtaniya na lokacin, ta rubuta a Twitter tana tambayar me ya sa ake ta zancen Lord McAlpine, wanda tsohon jigo ne a waccan jam'iyya, ta ƙara da kalmomi biyu masu nuna wai ita ba ta san komai ba. Tambaya ce kawai, ko kalmar zargi ɗaya babu. Mutumin kuwa bai ji ba bai gani ba. A Mayun 2013 babbar kotu a Landan ta yanke cewa ta ɓata masa suna, domin duk wanda ya san da rahoton ya gane inda ta dosa. Ta biya diyya, ta nemi gafara.

To ka ga idan lauya ya ce "innuendo" kai ka fassara "batsa", ka kai shari'ar wani gari. Idan kuma ka cire lulluɓin ka rubuta "ya ce ministan ɓarawo ne", ka sa masa magana a baki, gidan rediyon nan za a maka a kotu, ba shi ba.

Ɗauki takardar ka gyara sakin layi na biyu, ka kawo min kafin labaran ƙarfe bakwai.