Daga dandamali zuwa gaban kyamara: amsa ga ɗalibata

'Yata, na ga saƙonki, kin ce kin je lokeshin darakta ya yi ta tsayar da ke wai wasanki ya yi yawa, alhali a dandamali da wannan wasan ake miki tafi, shi ne kike tambaya ko dai dandamalin ne ya ɓata ki. Bai ɓata ki ba wallahi. Nisan mai kallo ne ya canza, ke kuma ba ki lura ba.

Ki nemi aikin Viola Davis ta Amurka ki zauna ki kalla da idon mai koyo. Matar nan a dandamali ta ginu, ta gama makarantar koyon wasa ta Juilliard a 1993, ta hau Broadway, wato manyan dandamalin wasa na New York, a 1996 cikin wasan marubuci August Wilson, ta ci Tony, babbar lambar yabo ta wasan dandamali, a 2001. A can fa sau takwas ake yin wasa a sati, babu kat babu a sake, muryarki sai ta kai wa na kujerar ƙarshe ba tare da kin yi ihu ba. Duk wanda ya sha wannan horon numfashinsa da haddarsa sun zauna.

To abin da nake so ki duba shi ne wasan da ake kira Fences. A 2010 ta fito a matsayin Rose a dandamali ita da Denzel Washington ta sake cin Tony, sai a 2016 suka mai da shi fim, mace ɗaya, magana kusan ɗaya, miji ɗaya, ta ci Oscar da shi. Akwai wurin da mijin ke gaya mata ya yi wa wata ciki bayan shekara 18 da aure. Ki kalli fuskarta KAFIN ta buɗe baki, yadda maganar ke shiga jikinta a hankali. A zaure na baya ba zai ga wannan ba dole sai jiki ya taya, amma kyamara tana dab da hancinki, ƙiftawar ido ma magana ce. Kuma kada ki ɗauka rage wasa yana nufin ki zama gunki, don da ta fashe ta fashe ne sosai har majina na zuba ba ta goge ba, abin da ya sa bai yi yawa ba shi ne mun ga inda ya taso. Ku yaran dandamali kuna fara kuka tun kafin a gaya muku abin kukan.

Ga kuma wahalar fim da ba a faɗa muku, ba a ɗaukarsa a jere. Sin ɗin rabuwa za a iya ɗauka ranar farko kafin na soyayya, ki maimaita shi ta kusurwa uku ko huɗu, hannunki ya koma inda yake ɗazu. Shi ya sa nake matsa muku ku rubuta a gefen takarda daga ina kika fito, me ya faru da ke kafin wannan sin ɗin.

Talabijin kuwa sauri ne. Ta yi How to Get Away with Murder daga 2014 zuwa 2020, ta zama baƙar mace ta farko da ta ci Emmy, lambar yabo ta talabijin, ta babbar jaruma a dirama a 2015. Can labarin yana zuwa ne kashi-kashi, ba ki san ƙarshen matar da kike takawa ba, lokacin rihasal kaɗan ne.

Batun ƙaramin rol da kike ƙorafi kuma, a fim ɗin Doubt na 2008 'yan mintuna kawai Viola ta yi gaban jaruma Meryl Streep, aka sa sunanta a takarar Oscar, tana da shekara 43 lokacin.

Ranar Asabar ki zo da layukanki da wayarki a cike da caji, za mu ɗauki sin ɗin sau biyu, ɗaya daga bakin ƙofa ɗaya a kusa, ki gani da idonki.