Kuɗin kwanan otel: wa ke karɓa, ina yake shiga?

Wasiƙun wannan mako sun taru a kan harajin kwana, wanda takardun gwamnati ke kira taxe de séjour. Masu amsawa ma'aikatan lissafin kuɗi ne da suka saba da littattafan otel-otel da gidajen saukar baƙi a jihohi uku na arewacin Kamaru.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sauka a wani otel a Garwa kwana huɗu. An ce mini kuɗin ɗaki sefa 20,000 ne a dare, amma da na zo biya sai na ga an ƙara sefa 1,000 a kowane dare, an rubuta taxe de séjour, ga kuma TVA a ƙasa. Wannan ba cin kuɗina sau biyu ba ne? (Wani ɗan kasuwa, Kusiri)

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ba a cuce ka ba, muddin otel ɗin mai tauraro biyu ne. Harajin kwana ya shigo Kamaru ne da dokar kasafin kuɗi ta 2017, kuma doka ta ɗora shi a kan wanda ya kwana. Mai otel ɗan aike ne kawai, ya karɓa daga hannunka ya kai wa ofishin haraji.

Ba a lissafa shi da tsadar ɗaki. Ƙayyadadden kuɗi ne a kowane dare, gwargwadon darajar masaukin. Mai tauraro biyar sefa 5,000 ne, mai huɗu 4,000, mai uku 3,000, mai biyu 1,000. Mai tauraro ɗaya da duk masaukin da ba a ba shi tauraro ba, 500, dala ɗari ke nan a lissafin kasuwa. Gidajen da ake haya da kayan ɗaki a ciki, ana biya dare-dare, nasu 2,000 ne.

TVA kuwa, wato harajin da ake ɗorawa a kan farashin kaya da hidima, wani abu ne daban. Shi kaso ne, 19.25 cikin ɗari, don haka a kan ɗakin 20,000 ya kama 3,850 a dare. Harajin kwana ko ka yi ciniki an rage maka ɗakin zuwa 15,000, dubu ɗayan nan tana nan yadda take. Kuma ba kowane masauki ne ke da izinin karɓar TVA ba, sai wanda cinikinsa ya kai a sa shi a tsarin da ake kira régime du réel. Ƙaramin gidan baƙi zai karɓi 500 na kwana, amma idan ya ƙara maka TVA, ka tambaye shi dalili.

Inda ake yawan samun rigima shi ne wajen faɗin farashi. Wasu sukan faɗi kuɗin ɗaki da komai a ciki, wasu su faɗi tsuransa, sai ranar tafiya baƙo ya ga ƙari. Tun kafin a ba ka makulli ka ce a faɗa maka jimilla, in kuma ku biyu ne a ɗaki ka tambayi yadda za a ƙirga muku. Sannan ka karɓi takardar biya mai sunan otel da lambarsa ta haraji, wadda ake kira NIU, harajin kwana yana kan layinsa shi kaɗai. Wanda ya karɓi dubunka ya ƙi rubutawa, da wuya kuɗin ya wuce aljihun tebur.

Tambaya: Ina da gidan baƙi mai ɗaki 12 kusa da tashar jirgin ƙasa. Ba ni da tauraro ko ɗaya. An ce wai ni ma sai na biya, alhali ina biyan sauran harajina. Yaya ake yi? (Wata mai masauki, Ngaundare)

Amsa: Hajiya, an faɗa miki daidai, sai dai a gyara kalma ɗaya: ba ke za ki biya ba, baƙinki ne za su biya ta hannunki. Dokar ta ambaci masauki mai tauraro da marar tauraro duka. Rashin tauraro ya sa ki a matakin 500 ne kawai.

Abin da ake ƙirgawa shi ne dararen da aka kwana, ɗakin da ya kwana babu kowa ba ya jawo komai. A ce cikin ɗakunanki 12 ana kama bakwai a kowane dare. A wata mai kwana 30 kin sami darare 210, ki ninka da 500, sefa 105,000 ke nan. Wannan kuɗi za ki bayyana shi, ki kuma zuba shi ga cibiyar harajin da ke riƙe da fayil ɗinki, kada ya wuce ranar 15 ga watan da ke biye. Na watan Janairu ya shiga kafin 15 ga Fabrairu ta wuce. Yanzu ana cike bayanin ta intanet a shafin hukumar haraji da lambarki ta NIU, a fitar da takardar biya, a biya ta hanyar da aka nuna a jikinta. Ki ajiye shaidar biyan kowane wata a fayil guda.

Abu uku ne ke kayar da masu ƙananan masauki, kuma na farko ya fi sauran ɓarna. Shi ne haɗa kuɗin haraji da kuɗin ciniki a akwati ɗaya. Ɗari biyar ba ta da nauyi a ido, sai a saya gas da ita, a biya wuta, a gyara famfo. Ranar 14 ga wata a duba a ga babu 105,000. Maganinsa mai sauƙi ne: kowace safiya a ƙirga ɗakunan da aka kwana, a ware kuɗinsu a ambulan dabam ko a wani asusu, kada kowa ya taɓa. Amana ce aka ba ki riƙo.

Na biyu, littattafai su saɓa wa juna. Akwai rajistar baƙi inda ake rubuta suna da lambar katin shaida, akwai kuma littafin rasit. Mai binciken haraji ba ya wahalar da kansa, waɗannan biyun yake ɗorawa gefe da gefe. Idan rajista ta nuna darare 260 ke kuma kin bayyana 210, hamsin ɗin nan za a bi ki su, kuma tunda baƙin sun riga sun tafi, daga aljihunki za su fita. Sau da yawa ba mai gida ce ta ɓoye ba, yaron da ke tsaron dare ne ya ba da ɗaki ya soke kuɗin. Rasit mai lamba a jere, wanda ke barin kwafi a littafi, yana toshe wannan ƙofa.

Na uku jinkiri. Harajin da mutum ke kai wa da kansa, idan ya makara, tararsa kashi 10 cikin ɗari ce a kowane wata, har ta tsaya a kashi 30. A kan 105,000, wata ɗaya 10,500 ne, wata uku 31,500. Kuma bashin haraji yana hana a ba ki takardar shaidar cewa ba a bin ki komai, wadda ake nema idan za ki karɓi baƙin wata ma'aikata ko ƙungiya da ke biya da takarda.

Ki rubuta farashi a allo a wurin karɓar baƙi: ɗaki kaza, harajin kwana 500. Baƙon da ya gani da idonsa tun shigowa ba ya musu da safe.

Tambaya: Shekara da shekaru ana karɓar wannan kuɗi da sunan yawon buɗe ido, amma wanda ya bi hanyar Mokolo zuwa Rumsiki ya san halin da take ciki. Ina kuɗin ke zuwa? (Wani malamin makaranta, Mokolo)

Amsa: Malam, tambayarka ita ce gishirin zancen. Ƙasashe da yawa suna da irin wannan haraji, Faransa ma tun 1910 take da shi, kuma hujjarsa ɗaya ce ko'ina: baƙo yana bin titin gari, yana shan ruwansa, yana barin shara, amma ba ya cikin masu biyan harajin garin. Sai a karɓi ɗan wani abu a inda ya kwana. To amma karɓa daban, inda kuɗin ya sauka daban.

Lokacin da aka kafa shi a 2017, kashi 80 cikin ɗari baitulmalin gwamnati yake shiga, kashi 20 kacal ke zuwa ga kwamin, wato ƙaramar hukumar da masaukin yake cikinta. Daga baya aka sake rabon: 35 ga gwamnati, 35 ga wani asusu na musamman na tallafa wa yawon buɗe ido da shaƙatawa, 30 ga kwamin. Doka ce ke tsara wannan rabo, ana kuma iya taɓa shi duk lokacin da majalisa ta zauna a kan dokokin kuɗi, shi ya sa mai bin diddigi yake duba kundin haraji na shekarar da yake magana a kai.

Ka lura da kalmar da dokar ta yi amfani da ita: kwamin da masaukin yake. Ba ta ce kwamin da abin kallon yake ba. A nan ne arewa take da matsala ta musamman. Abubuwan da ke jawo baƙi suna karkara: duwatsun Kapsiki a Rumsiki, gandun dajin Waza, na Benuwe da na Buba Njida, kwazazzabon Kola kusa da Gidar, madatsar Lagdo, magangarar ruwa ta Tello. Manyan otel kuwa suna Marwa da Garwa da Ngaundare. Baƙo ya kwana a Marwa, ya yi sammako ya je ya ga duwatsu, ya dawo da yamma. Ƙurar motarsa ta tashi a hanyarku, harajin kwanansa ya zauna a Marwa.

Mu auna da rabon kashi 30. Otel mai tauraro uku, ɗaki 40, a ce rabinsu ake kamawa duk shekara: darare 7,300, a ninka da 3,000, ya ba da 21,900,000. Rabon kwamin 6,570,000. Sai ɗan masaukin ƙauye mai ɗaki goma marar tauraro, wanda ke samun ɗaki uku a dare cikin kwana 120 na rani da baƙi ke zuwa: darare 360, kuɗi 180,000, rabon kwamin 54,000. Wannan ko kwalbati ɗaya ba zai gina ba. Har miliyan shida da rabin ɗin ma kuɗin fitilun titi ne, da kwashe shara, da allunan nuna hanya, da bayan gida a wurin kallo. Hanyar mota aikin babban kasafi ce, harajin kwana bai taɓa isa ya ɗauke ta ba.

Ga kuma wani abu. Ayar da ta raba kuɗin ta faɗi wanda za a ba, ba ta ɗaure hannun magajin gari a kan abin da zai yi da nasa kason ba. Yana shiga kasafin kwamin ya gauraya da kuɗin kasuwa da na tasha, a biya albashi da shi in an ga dama. Kuma ba daga otel yake tafiya kai tsaye zuwa kwamin ba, sai ya bi ta ofishin haraji da baitulmali, abin da kan sa ya iso a makare. Kason asusun musamman shi ne aka yi wa suna da yawon buɗe ido, shi kuwa daga Yawunde ake tsara yadda za a kashe shi.

Sannan haraji ne da ke bin ƙafar baƙi. Tun da aka sace wasu Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya a kusa da Waza a Fabrairun 2013, masu zuwa kallo daga waje suka ja baya daga jihar Arewa Mai Nisa. A ra'ayinmu wannan ne babban rauninsa: wurin da ya fi buƙatar a farfaɗo da shi, shi ne ya fi ƙarancin dararen da za a karɓi haraji a kansu. Akasin haka aka gani a Garwa a farkon 2022, lokacin da filin Rumde Ajiya ya karɓi wasannin cin kofin Afirka, sai dai cikar makonni kaɗan ba ta riƙe kasafin shekara.

Abin da ke hannunka shi ne wannan. Dokar ƙananan hukumomi ta Disamban 2019 ta ba duk mazaunin kwamin ko mai biyan haraji a cikinta damar neman kwafin kasafi da na lissafin ƙarshen shekara, shi zai biya kuɗin kwafin. Ka nemi na ƙarshen shekara, wanda ake kira compte administratif, domin shi ke nuna abin da ya shigo da gaske, kasafi kuwa hasashe ne. Ka duba layin taxe de séjour, ka kwatanta da yawan masaukan da ka sani a garin. Idan layin babu komai alhali ga masaukai suna aiki, ko dai ba a karɓa, ko ba a zubawa, ko kuɗin ya maƙale a hanya. Kansilan unguwarku yana da bakin da zai tambayi wanne ne a zaman majalisa.

Tambaya: Ina da gida mai kujeru da gado da na'urar sanyaya ɗaki, ina ba ma'aikatan ƙungiyoyi haya na kwanaki. Ƙanena kuma yana saukar da fataken shanu a gidansa ranar kasuwa. Mu ma abin ya shafe mu? (Wani magidanci, Marwa)

Amsa: Kai ya shafe ka, Malam, kuma naka 2,000 ne a dare, ya ninka na otel mai tauraro biyu. Wanda ya yi kwana 30 a gidanka harajinsa 60,000, don haka ka sa shi cikin farashi tun wajen ciniki, in ba haka ba ribarka ce za ta biya. Kana kuma buƙatar izinin buɗe masauki daga ma'aikatar yawon buɗe ido, ka fara da ofishinta na jiha a nan Marwa.

Ƙanenka kuwa, idan saukar baƙi ce irin ta fatoma, ba ya karɓar kuɗin ɗaki, la'adarsa a cinikin shanu take, to ba kwana yake sayarwa ba. Ranar da ya fara cewa ɗaki kaza ne a dare, ya zama mai masauki, sai ya sayi rajista da littafin rasit.