Zan iya biyan kuɗin asibitin mahaifina a Kano daga asusun HSA?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a Amurka, shekaruna 41. Za a yi wa mahaifina tiyata a Kano, abin da ya hau kaina ya kai dala 8,000. Ina da kuɗi a asusun lafiya na HSA, da asusun ritaya na 401k ta wurin aiki, da ɗan abin da na tara a asusun ritaya na ƙashin kaina, wato Roth IRA, sai kuma asusun karatu na 529 da na buɗe wa 'yata. Tunda HSA don lafiya aka yi shi, zan iya biya da shi? Kuma zan iya taimaka wa ɗan yayata da kuɗin jami'a a gida daga 529?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ne, Ya saka maka da alheri a kan wannan hidima.

Kafin komai, kada ka taɓa HSA da sunan maganin Baba. Na san shi ne ya fi kama da inda ya dace, amma a cikin asusu huɗun nan shi ne zai fi cin ka tara.

HSA, wanda dokar 2003 ta samar, yana da gata uku: ba haraji a kan abin da ka zuba, ba haraji a kan ribar da ya haifa, ba haraji a kan abin da ka cire don magani. Sai dai maganin wa? Naka, da na matarka, da na wanda dokar haraji ta amince yana ƙarƙashin kulawarka. A wurinmu uba ba ya bukatar hujja kafin a ce nauyinsa yana wuyan ɗansa. Hukumar haraji ta IRS kuwa tana da nata ma'aunin, kuma ɗaya daga cikin sharuɗɗan shi ne mutumin ya kasance ɗan ƙasar Amurka, ko mazaunin Amurka, Kanada ko Meziko. Idan Baba ɗan Najeriya ne mazaunin Kano, bai shiga ba, ko da kai kaɗai kake ci da shi.

Abin da ke rudar mutane shi ne bankin da ke riƙe da asusun ba zai hana ka ba. Katin zai yi aiki, kuɗin za su fita. Aikin bankin kawai ya aiko maka da takardar 1099-SA a farkon shekara mai zuwa, ya kuma sanar da hukuma. Kai ne za ka bayyana a fom na 8889 abin da aka yi da kuɗin. Idan ba maganin da doka ta yarda da shi ba ne, za a haɗa su cikin kuɗin shigarka a caji haraji, a ɗora tarar kashi 20 cikin ɗari, tunda ba ka kai shekara 65 ba. Mu ɗauka kana matakin harajin kashi 22: a kan dala 8,000 za ka biya 1,760 haraji da 1,600 tara, jimilla 3,360, ban da na jiha. Kuɗin da za su iya riƙe jinyar Baba bayan tiyata ke nan.

Akwai dai wata ƙofa ta halas a cikin HSA ɗin da mutane da yawa ba su lura da ita ba. Doka ba ta sa wa'adin mayar wa kanka kuɗin magani ba. Duk abin da ka biya daga aljihunka don lafiyarka ko ta iyalinka bayan ranar da aka buɗe asusun, kamar likitan haƙori, tabarau, haihuwa, ko kasonka na kuɗin ganin likita, kana iya cire daidai adadinsa yau babu haraji babu tara, muddin inshora bai biya ka ba kuma ba ka taɓa rage haraji da shi ba. Da zarar ka cire, kuɗinka ne, ka tura inda kake so. Saboda haka ka zauna daren nan ka tono rasidai da bayanan kamfanin inshora. Mai iyali da ya shekara biyar da asusun yakan yi mamakin abin da zai tattaro. Ka adana rasidan, don su ne shaidarka idan an tambaya.

Daga nan sai Roth IRA. Ainihin abin da ka zuba da hannunka ka riga ka biya masa haraji, don haka kana iya cire shi kowane lokaci, a kowace shekara, ba haraji ba tara. Ribar da ya haifa ce ke da sharaɗi, kuma doka tana lissafin cewa zubinka ne ke fara fita kafin riba. Idan ka zuba dala 5,000 asusun ya zama 6,500, dubu biyar ɗin suna hannunka. Asarar da ke ciki ita ce gurbin zubi da doka ta ba ka a shekarun baya ba ya dawowa, sai dai in ka mayar da kuɗin cikin kwana 60.

Idan har yanzu da saura, ka tambayi ofishin ma'aikata ko tsarin 401k ɗinku yana ba da rance. Ba kowane ke bayarwa ba. Inda ake bayarwa, iyakar ita ce rabin abin da ya tabbata naka, kada ya wuce dala 50,000, a biya cikin shekara 5 ta hanyar cirewa daga albashi. Ba haraji a kai matuƙar kana biya. Ana ɗora ƙari a kan rancen, amma asusunka yake komawa. Idan zuciyarka ba ta kwanta da wannan ba, ka kai wa malamin da ka amince da shi bayanin yadda yake. Haɗarinsa barin aiki: abin da ya rage zai iya zama kamar ka cire shi ne, haraji da tarar kashi 10 su biyo baya, sai fa idan ka zuba kwatankwacinsa a asusun ritaya na IRA kafin wa'adin shigar da takardun harajin shekarar. Cirewa kai-tsaye saboda matsi ita ce ta ƙarshe a jerina, domin kafin shekara 59 da rabi haraji da tarar kashi 10 na jira, kuma sassaucin da ake yi don kuɗin magani yana komawa ga wancan sharaɗin na wanda ke ƙarƙashinka.

Batun ɗan yayarka kuwa, a nan doka ta ɗan faɗaɗa ma'anar dangi: ana iya sauya mai cin gajiyar 529 zuwa ɗan'uwan wanda aka buɗe dominsa, kuma ɗan gwaggon 'yarka yana ciki. Cikas biyu ne. Masu gudanar da asusun suna neman lambar tsaron zamantakewa ko lambar haraji ta Amurka ta sabon mai cin gajiyar. Sannan dole makarantar ta kasance cikin waɗanda Ma'aikatar Ilimi ta Amurka ta amince da su a tsarin tallafin ɗalibai na tarayya. Akwai jami'o'in ƙetare a jerin, da yawansu a Ingila da Kanada, don haka ka nemi sunan jami'arsa a ciki kafin ka motsa ko sisi. In babu ita, ribar da ke cikin abin da ka cire za ta sha haraji da tarar kashi 10, kuma jihar da ta rage maka haraji lokacin zubi tana iya neman a mayar mata. Ni dai shawarata ka bar wa yarinya asusunta, ka taimaki yaron daga albashi kaɗan-kaɗan.

Idan kuma ka riga ka goga katin HSA kafin ka rubuto, kira bankin gobe da safe ka tambaye su hanyar mayar da kuɗin da aka cire bisa kuskure. Ba dole ba ne su karɓa, amma da yawa suna karɓa, kuma gara a yi shi kafin ka shigar da takardun harajin bana.