Wace mota ta hannu zan saya da zan shiga mutane da ita, in kuma saida bayan shekara ɗaya da rabi?

Tambaya: Salam Oga, barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne a Gombe, na samu wata harka ta taki da iri wadda ba zata wuce shekara ɗaya da rabi ba, zan riƙa zirga-zirga tsakanin Gombe, Bajoga, Kaltungo da Bauchi, ina shiga ofisoshi ina ganin manya. Ga kuma iyali, mata ɗaya da yara uku, ƙarshen wata mukan je gida Dukku. Inada kamar miliyan takwas. Abokai wasu suna cewa Benz wasu Lexus, wai shine za'a ganni da daraja. In harkar ta ƙare saidawa zanyi. Dan Allah a bani shawara.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa albarka a harkar. Kalma ɗaya na riƙe a duk bayaninka, wato "saidawa zanyi". Tunda haka ne toh tun kafin ka biya kuɗi ka fara tunanin wanda zai saya a hannunka. Mota ce kake so wadda in ka ajiye ta wajen dillalai yau, kafin sati biyu an zo an taya, ba wadda zata yi wata biyar tana shan rana da ƙura kowa yazo ya zagaya ta yace masha Allah ya wuce ba.

Saboda haka Benz ɗin nan ka cire ta a lissafi. Ba wai mota ce mara kyau ba, wallahi akwai daɗin tuƙi, amma Benz ɗin da miliyan takwas zata saya maka tsohuwa ce wadda ta riga ta gaji, kuma ranar da wutarta ta rikice a hanyar Bajoga ba kowane bakanike ne zai iya taɓa ta ba, sai dai a ɗauko ta, wani kayan ma sai an aika Kano ko Legas kana zaune kana jira alhali kanada alƙawari da mutane. Lexus kuwa Toyota ce a ciki, bata da rigima sosai, sai dai su ES 350 da RX 350 tsofaffin nan duk silinda shida ne, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ai kowa ya san yadda ake ji a gidan mai. Gombe zuwa Bauchi ta Alkaleri kusan kilomita 150 ne, ka lissafa zuwa da dawowa sau biyu a sati ka gani.

Ni da nine kai Camry zan nema, wadda ake cewa Muscle, ta 2007 zuwa 2011, mai silinda huɗu. Tanada girma, in ka faka ta a ƙofar ofis ba wanda zai raina ka, kujerar baya ta ishi Hajiya da yara, but ɗinta kuma zai ɗauki kayan tafiya Dukku harda tsarabar dawowa. Amma a nan akwai wani abu da dillali bazai gaya maka ba. Na 2007 zuwa 2009 injin 2.4 ne a ciki, kuma an san da yawansu da shan baƙin mai, zaka yi juye yau kafin lokacin wani juyen ka duba ka tarar ya sauka sosai, wanda bai saba dubawa ba sai dai yaji inji ya buga. Na 2010 da 2011 ɗin Amurka an canza musu inji zuwa 2.5, shi yafi kwanciyar hankali. In kuɗinka basu kai 'yar Beljiyam ba, wato ta hannun da aka shigo da ita daga ƙasar waje, ka samu ta hannu mai tsafta wadda mutum ɗaya ya hau, ta fi min Beljiyam ɗin da aka yi hatsari da ita aka gyara a Kwatano aka fesa fenti.

In kuma kaga Camry zata cinye kuɗin gaba ɗaya, Corolla ta 2009 zuwa 2013 mai injin 1.8, ita kam kamar kuɗi ce a aljihu, duk ranar da kace ka saida an saya, mai kaɗan take sha, sai dai bayanta ya ɗan matse. Honda Accord, su EOD da Evil Spirit, sunfi arha kuma sunfi kyan gani, matsalarsu ƙafa, boljoyin ɗinta baya son ramuka, kuma wajen saidawa tana faɗuwa fiye da Toyota. Fijo 406 har yanzu dattawanmu na girmama ta, kuma ba ƙarya tana kwanciya a titi, amma an daɗe da daina ƙera ta, samun mai lafiya yanzu sai an tona.

Yanzu ranar saye. Kaje da bakanikenka na kanka, ba wanda dillali ya kawo ba, kuma kuje da sassafe motar bata tashi ba tukuna, domin inji mai ciwo da sanyin safiya yake tona kansa, ku tsaya a baya ku kalli salansa lokacin da aka tada ta, in hayaƙi mai shuɗi-shuɗi ya fito toh tana ƙona mai. A sa mata kwamfutar da ke gano matsalar mota. A ɗaga kafet a shinshina, in kaji warin danshi ko kaga tsatsa a ƙarƙashin kujeru, ruwa ta sha a can ƙasar da ta fito, ka gudu ko nawa aka rage maka. Kada lambar tafiyar da ke kan allo ta ruɗe ka, ana mayar da ita baya, sitiyari da fedar birki da kujerar direba su zasu gaya maka gaskiyar shekarunta. A leƙa ƙasa a tabbatar ba a cire abin nan da ake cewa indomi, mai tace hayaƙi a jikin salansa, ba. Ku hau titin Bauchi da ita ta yi zafi sosai kuji yadda giya ke shiga, esi a kunne, ai ka san zafin Gombe a watan Maris da Afrilu, mota ba esi ka isa ofis babbar riga ta jiƙe, ina darajar take?

Takardu kuma kada kaji kunyar kowa, ko da ɗan uwa ne ke saidawa. Takardar kwastan, lambar shasi ta jikin mota ta yi daidai da ta takarda harafi da harafi, a rubuta yarjejeniya da shaidu, a yi canjin suna. Mota mara kwastan zata iya kwana a hannun jami'ai a hanya, kuma ranar saidawa da wannan za'a karya maka farashi.

Sannan kada ka zuba miliyan takwas ɗin duka a saye. Ka ware kamar kashi ɗaya cikin goma na taya, batir, juye, birki da shokozoba, don ba motar hannun da zata zo bata neman wani abu a watan farko. Duk gyaran da kayi ka ajiye rasit a cikin mota, kada ka canza mata fenti ko ka cika ta da kwalliya, fara ko ruwan toka ko silba sunfi saurin fita a kasuwar nan. In ka samu guda biyu ko uku da suka kwanta maka, turo min shekararsu da lambar shasi in duba maka kafin ka bada kafin alƙalami.