Daga digirin Turanci zuwa lasisin koyarwa

Malama, kin ce kin gama B.A. a Turanci kina son lasisin koyarwa. To, digirin kaɗai ba zai wadatar ba, tunda ba na fannin ilimi ba ne. Ki fara yin PGDE, wato diflomar koyarwa ta bayan digiri, a jami'a ko a NTI Kaduna, cibiyar horar da malamai ta ƙasa mai cibiyoyi a jihohi. Kusan shekara guda ce, har da koyarwar gwaji a aji, kuma a nan ake gane mai iyawa, don sanin nahawu daban, riƙe yara hamsin bayan tara daban. Bayan nan ki zana jarrabawar TRCN, hukumar yi wa malamai rajista ta Najeriya, a kwamfuta. In kin ci, za a yi miki rajista a rukunin C, na masu digirin farko, a ba ki lasisi.